Yadda ake gane ingancin kayan aiki masu araha kafin a biya kuɗi

Tun bayan da aka saki darajar naira ta bi kasuwa a watan Yunin 2023, farashin duk wani kayan aikin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Kafintoci da makanikai da masu walda da masu haɗa wutar lantarki, waɗanda a da kan daure su sayi kayan Bosch ko Makita ko Stanley, da yawansu sun koma ga masu sauƙin kuɗi da suka cika shagunan Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Dei-Dei a Abuja. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a harkar kayan aiki maganar ba ta nan take ba gaba ɗaya. Akwai filaya mai araha da za ta shekara goma tana aiki, akwai kuma faifan yankan ƙarfe mai araha da zai iya tsone wa mutum ido a ranar farko. Abin da mai saye ke buƙata shi ne sanin inda araha ke da amfani da inda take zama ganganci.

Daga ina arahar ke zuwa

Mafi yawan waɗannan kaya a China ake ƙera su, musamman a lardunan Zhejiang da Jiangsu da Guangdong. Birnin Yongkang ya yi suna wajen ƙere-ƙeren ƙarfe, kasuwar Yiwu kuwa nan ne 'yan kasuwar Afirka da dama ke yin sari. Sai dai cewa abu "ɗan China" ne bai wadatar a yanke masa hukunci ba, domin manyan kamfanonin Turai da Amurka da Japan su ma a can suke ƙera wani kaso mai yawa na kayansu. Masana'anta ɗaya na iya fitar da sufana mai daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, gwargwadon kuɗin da mai oda ya ajiye. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Idan ɗan kasuwa ya matsa a rage masa farashi, wurare uku masana'anta ke taɓawa. Na farko nau'in ƙarfen da ake amfani da shi. Na biyu gashin da ake yi wa ƙarfen bayan an ƙera shi, wato a ƙona shi ya yi ja, a tsoma shi a mai ko ruwa, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai saurin karyewa. Na uku kuwa binciken da ake yi wa kaya kafin su bar masana'anta. Dukkan ukun ba a ganin su da ido, shi ya sa su ake fara yankewa, a bar fenti da ƙyalli da kwali mai kyau. Yanke na ukun ne ke sa a sami guda biyu daga kwali ɗaya, wannan lafiyayye, wancan gurgu. Don haka shaidar da maƙwabci ya bayar kan wani tambari ba ta ɗauke wa mai saye nauyin duba ainihin wanda aka miƙo masa.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai manyan shaguna da suka gina kasuwancinsu kacokan a kan irin waɗannan kaya. Lidl na sayar da nasa da sunan Parkside, a Amurka kuma akwai Harbor Freight, wanda aka kafa a 1977 a jihar Kalifoniya. Abin da ya faru da shi a 2020 abin lura ne. A watan Maris da Mayu na shekarar, kamfanin ya janye kimanin miliyan 1.7 na ƙafafun ƙarfen da ake tokare mota da su bayan an ɗaga ta da jak, masu ɗaukar tan 3 da tan 6, domin an gano haƙorin da ke riƙe sandar na iya suɓucewa motar ta rufto. Injinan da ake ƙera su da shi a masana'antar ne suka tsufa. A watan Yuli kuma aka sake janye wasu daga cikin waɗanda aka ba mutane a madadin na farkon, saboda matsalar walda. Ko a can, ke nan, kaya mai araha na iya fitowa da aibin da zai kashe mutum. Bambancin shi ne akwai kamfani mai adireshi, da hukuma mai tilasta shi, da hanyar sanar da waɗanda suka saya. A kasuwannin Najeriya sau da yawa sunan da ke jikin kwali ba shi da ofis ko lambar waya, kuma ba wanda zai bi mai saye gida ya ce masa ya dawo da abin. Dukkan binciken ya koma wuyan mai saye.

Tambayar farko: idan ya lalace, me zai faru?

Kafin a duba ƙarfe ko rubutu, wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Wani kayan idan ya lalace, asarar kuɗinsa kawai aka yi: burushin fenti, cokalin gini, shebur, baro, sukundireba. A nan araha ba laifi ba ce, musamman ga magidancin da sau biyu ko uku a shekara yake buƙatar abin. Wani kuma lalacewarsa na ɓata aikin da ya ninka shi kuɗi sau ɗari, kamar kayan awo. Sai rukuni na ƙarshe, wanda lalacewarsa ke taɓa rai: duk abin da ke ɗaukar nauyi a kan mutum, duk abin da ke juyawa da gudu, da duk abin da wutar lantarki ke bi ta cikinsa. Jak, sarƙar ɗaga inji, tsani, faifan yanka, waya, filogi, caja da batir duk suna nan. A wannan rukuni rangwame mai yawa dalilin zargi ne.

Kayan hannu

Sufana da filaya da guduma masu kyau bugun ƙarfe ne, wato an danne ƙarfen da zafinsa a cikin zubi da guduma mai ƙarfin gaske. Marasa kyau kuwa narka ƙarfen ake yi a zuba, kuma irin wannan karyewa yake yi farat ɗaya maimakon ya lanƙwashe. Ana gane na zuba da ƙuraje-ƙuraje ko 'yan ramuka a jikinsa, da kauri marar dalili. Rubutun Cr-V da ake gani a jikin sufana na nufin an gauraya ƙarfen da sinadaran kuromiyom da banadiyom, S2 kuma nau'in ƙarfe ne mai jure murɗa da ake yin bakin sukundireba da shi. Amma buga haruffa a jikin ƙarfe ba ya cin ko sisi, don haka rubutun da'awa ce kawai.

Gwaji ya fi. Mai sayen sufana ya tafi da noti a aljihu. Idan sufana mai lamba 13 tana kaɗawa sosai a kan noti mai lamba 13, za ta cinye masa kusurwoyi, ranar da ta zame kuma yatsu ne za su biya. Filaya a rufe ta a ɗaga ta sama: hasken da ke ratsa tsakanin bakin yankanta alama ce ba za ta yanke siririyar waya ba. Idan mai shago ya yarda, a goga magagari a wani gefe na bakin. Ƙarfen da ya gasu sosai magagari zamewa yake yi a kansa, wanda bai gasu ba kuwa sai a ga yana ci kamar ana goga ƙusa. Guduma a duba yadda aka ɗaure kanta da ƙota, domin kan da ya fice a tsakiyar aiki bai san inda zai sauka ba.

A nan ya kamata a yi wa maƙeran gida adalci. Kurfi da gatari da diga da suke ƙerawa daga tsohon sifirin na mota sukan fi na kwali masu araha ƙarko, saboda ƙarfen sifirin tun asali mai kyau ne, kuma maƙerin yana nan a rumfarsa idan abin ya ba da matsala.

Kayan awo su ne mafi sauƙin gwadawa, su ne kuma aka fi sakaci da su. Ma'aunin nan mai kumfar ruwa da magina ke duba daidaiton gini da shi, a ɗora shi a kan kanta a lura da inda kumfar ta tsaya, sannan a juya shi, kan dama ya koma hagu, a wuri guda. Matuƙar kumfar ta canza matsayi, ƙarya yake yi. Sikwayar kafinta ma haka: a ja layi da ita a gefen katako miƙaƙƙe, a kifa ta a sake ja daga tushe guda, layukan biyu su hau kan juna. Tef ɗin awo kuwa a jera biyu ko uku a gwada su da juna. Masu bin ƙa'idar Turai na ɗauke da alamar I ko II ko III kusa da farkonsu, kuma mai alamar II bai kamata kuskurensa ya wuce milimita 2.3 a cikin mita 10 ba. Ɗan motsin da ƙugiyar bakin tef ke yi ba aibi ba ne. Da gangan aka yi shi, don awon ciki da na waje su zo daidai.

Noti, kwaɗo da rodi

Lambobin da ke kan noti suna da ma'ana, ko da yake masu saye kaɗan ne ke karanta su. A tsarin ƙasa da ƙasa ana rubuta 4.6 ko 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Lambar farko ita ke nuna ƙarfin da notin zai jure kafin ya tsinke. A misali, noti mai kaurin milimita 10 mai alamar 8.8 sai an ja shi da nauyin da ya haura tan huɗu da rabi kafin ya tsinke, mai alamar 4.6 kuwa rabin haka ya ishe shi. Na Amurka layuka ake yi musu a ka: uku na kusa da 8.8, shida na kusa da 10.9. Wanda babu komai a kansa a ɗauke shi a matsayin mafi rauni. Ya isa haɗa benci ko ƙofar kaji, amma ba a sa shi a ƙafar mota, ko birki, ko ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa.

Kwaɗo da hannun ƙofa da kan famfo da ake cewa na tagulla ne, mayen ƙarfe na tona asirin wasunsu, domin tagulla ba ta kama shi. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. In bai manne ba kuma ba a gama ba, tunda akwai gaurayen tutiya mai gautsi wanda shi ma ba ya kamawa. Shi ana gane shi da kankarewa: ƙarƙashin ruwan gwal ɗin fari ne ko toka-toka, tagulla kuwa launinta ɗaya ciki da waje.

Rodi shi ne inda ha'inci ya fi tsada, domin da zarar an zuba kankare an binne shaida. Ma'auni ne maganinsa. Rodi mai milimita 12 yana da nauyin kilo 0.888 a kowace mita, saboda haka cikakken tsawo na mita 12 ya kamata ya kai kilo 10.6 da 'yan kai. Mai milimita 16 kuwa kusan kilo 19. Ragin milimita ɗaya ba ya ɗaukar ido, amma rodi mai milimita 11 da aka sayar da sunan 12 ya rasa kashi 16 cikin ɗari na ƙarfensa, alhali injiniya da cikakken ya yi lissafin ginin. A ƙasar da rushewar benaye ta zama labarin kusan kowace damina, ɗora sanda ɗaya a kan sikeli kafin a loda mota ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke juyawa da gudu

Ƙaramin injin yankan ƙarfe na masu walda ya fi yawancin kayan aiki jikkata mutane, kuma faifansa ne abin da aka fi saye da araha. Gefen faifan na tafiya da gudun da ya kai mita 80 a daƙiƙa, kusan kilomita 290 a awa ke nan. Idan ya fashe, ɓaraguzansa da wannan gudun suke fita. Faifai na gaskiya yana ɗauke da iyakar juyawar da zai iya: mai faɗin milimita 115 kimanin 13,300 a minti, mai 230 kimanin 6,600. Dole adadin da ke jikin faifan ya kai ko ya wuce na injin. Masu bin ƙa'idar Turai suna da rubutun EN 12413.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne faifan yana da wa'adi kamar magani. Ƙaron da ya haɗe shi yana raunana da zafi da laima, don haka ake buga ranar ƙarewarsa a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiya, yawanci shekara uku daga ƙerawa. Faifan da babu kwanan wata a jikinsa, ko wanda ya sha rana da damina a kan tebur a bakin titi, ko mai ɗan tsagu a gefe, ba shi da farashin da ya dace da shi. Cire murfin kariyar injin don a ɗaura faifan da ya fi shi girma, kamar yadda ake gani a rumfunan walda da yawa, haɗa haɗari biyu ne wuri guda, domin ƙaramin inji ya fi gudun da babban faifai zai iya jurewa.

Su kansu injinan, a ɗauka a ji nauyi, domin wanda aka naɗa da jan ƙarfe ya fi na alminiyom nauyi da jure zafi. A kunna a saurara, a leƙa ta ramukan iska: ƙananan tartsatsi a wurin gawayin inji ba komai ba ne, amma wuta mai zagaye da warin ƙuna alamar mutuwa kusa ce. A girgiza bakin injin huda a ji ko yana kaɗawa. Sannan a tambayi mai shago ko yana sayar da gawayinsa da makunninsa. Injin da ba a samun kayan gyaransa, ranar da ya tsaya ranar ce ƙarshensa.

Masu batir kuwa a nan ƙarya ta fi fitowa fili. Ƙwayar batir ɗin litiyom ɗaya bolt 3.6 take bayarwa, ta kai 4.2 idan ta cika. Biyar ake jerawa a sami 18, kuma shi ne dai wasu kamfanoni ke rubuta wa 20 ko 21. Injin hudar da aka rubuta wa 88V ko 198V alhali batirinsa bai fi tafin hannu ba, lissafi ya ƙaryata shi, domin kafin a kai 88 sai an jera ƙwayoyi sama da 20, nauyinsu kaɗai kusan kilo guda. Haka ƙwayar nan mai lamba 18650: mafi kyawun da manyan kamfanoni ke yi ba ta wuce kimanin 3,500mAh ba, don haka mai rubutun 9,900 jabu ce. Wanda ya yi ƙarya a kan lambar da kowa zai iya lissafawa, da wuya ya yi gaskiya a kan na'urar da ke hana batir ɗin kamawa da wuta.

Na gwanjo ma suna da nasu tarkon. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Injin da aka yi don Amurka, komai kyansa, ƙonewa zai yi idan aka soka shi kai tsaye.

Waya

Wayar wuta na cikin 'yan kayan da na gida ya yi suna fiye da yawancin na waje. Kamfanoni irin su Cutix da ke Nnewi da Coleman da Nigerchin sun daɗe a harkar, kuma sunan da suka yi ne ya sa masu jabu ke kwaikwayon tambarin wayar gida. Ha'incin iri uku ne: a rage kaurin jan ƙarfen a ƙara na roba, a rage tsawon naɗin, ko a yi amfani da alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyom kashi 61 cikin ɗari kawai na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka yake iya ɗauka, don haka zafi yake yi a cikin bango inda ba mai gani.

A fere bakin wayar a kankare da wuƙa. In fari ya bayyana, alminiyom ne. In aka kara mata ashana, siraran zaren alminiyom lanƙwashewa suke yi su zube, na jan ƙarfe kuwa ja suke yi su tsaya. Waya mai silli ɗaya ta 2.5 kaurin ƙarfenta milimita 1.78 ne, ta 1.5 kuma 1.38, kuma jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na ta 2.5 ya haura kilo biyu tun ba a haɗa da roba ba. A kuma lura ko mita aka rubuta ko yadi, domin yadi 100 mita 91 ne da ɗoriya.

Filaya da sukundireban masu aikin wuta, robar da ke hannunsu ba ita ce kariya ba sai in an rubuta 1000V da IEC 60900 tare da alamar alwatika biyu. Irin waɗannan ana gwada su da bolt 10,000 kafin su fito. Sauran robar don daɗin riƙo aka sa ta.

Tambura da doka

Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971, tana da tsari biyu: SONCAP na kayan da ake shigowa da su, wanda ya fara a 2005, da MANCAP na waɗanda ake ƙerawa a gida, masu ɗauke da tambarin NIS. Alamar CE da ke jikin kusan kowane kwali kuwa, a yawancin kayan aiki mai ƙerawar ne da kansa ke shelar cewa ya bi ƙa'idar Tarayyar Turai, ba wata hukuma ce ta gwada ta buga masa ba. Rashin tambari dalili ne na a ajiye kaya, amma samuwarsa bai wanke shi ba. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne cikakken sunan kamfani da adireshi, lambar samfuri, takardar bayani da aka rubuta da hankali, da sunan da aka rubuta daidai. Masu jabu kan sauya harafi ɗaya a sunan sanannen kamfani su bar launinsa.

Rubutun nan da ake gani a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi, bai fi ƙarfin doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Fiƙihun Musulunci ma ya san da wannan tun da daɗewa, inda ya ba mai saye zaɓin mayar da haja idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Jihar Kano na da tata hukumar kare haƙƙin masu saye da ake kai wa ƙorafi. Sai dai duk waɗannan ƙofofi da takarda ake buɗe su, kuma galibin cinikin kasuwa da baki ake ƙulla shi. Rasit ɗin da zai yi amfani shi ne mai ɗauke da sunan shago da lambarsa, kwanan wata, sunan kayan da lambar samfurinsa, da kuma abin da mai shago ya ce kayan ne. Idan ya ce rodin milimita 12 ne, ko wayar jan ƙarfe ce zalla, a roƙe shi ya rubuta hakan da hannunsa. Mai shagon da ya ƙi rubutawa, a gwada na gaba da shi.